Zarton da Aka Ƙera a Gida: A Yi Lissafi Kafin a Ɗora Masa Inji

Duk wanda ya zaga kasuwar Arzèkè ta Parakou, wadda kunnen Bahaushe ke jin "arziki" a cikin sunanta, ya san rabin kasuwar a kan katako take zaune. Teburin mai atamfa, kantar mai kayan masarufi, bencin mai shayi, akwatin mai goro, ƙofar shago, duk daga hannun kafinta suka fito. Haka abin yake a Djougou, garin da fataken da suke kira Zugu, inda ayarin goro tsakanin Kano da Gwanja yake yada zango tun kafin zuwan Turawa. Inda kasuwa ta kafu, kafinta ba ya rasa abin yi.

A 'yan shekarun nan 'yan kasuwa sun ƙara fahimtar haɗarin dogaro da hanya kaɗai. Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020. Bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 kuma aka rufe gadar da ke tsakanin Malanville da Gaya, kaya suka yi ta jibgewa a bakin kogi. Mai jari da ya ga haka dole ya fara tunanin sana'ar da ba ta jiran a buɗe iyaka. Ɗaya daga cikin irin waɗannan ita ce buɗe wa ɗa ko ƙane shagon kafinta. Da zarar an fara maganar kayan aiki kuwa, sai an zo kan injin tsaga katako. Sabo na kamfani yana da tsada, don haka da yawa sukan je wajen mai walda ya ƙera musu gangar jikin, su nemo injin lantarki na hannu su ɗora.

To a wajen ɗora injin nan ne kuɗi ke ƙonewa, a nan ne kuma yatsu ke tafiya. Abin da ya kamata mai jari ya riƙe shi ne: gudun zarto ne yake zaɓar inji da fuli. Wanda ya fara sayen inji sannan ya zo yana neman yadda zai yi da shi, ya fara ginin daga rufi.

Wane irin zarto ake magana?

Zarton da muke nufi shi ne wanda masu Faransanci ke kira scie à ruban. Ƙarfe ne siriri, dogo, mai haƙora, an haɗe bakinsa biyu ya zama kamar ɗamara. Yana zagaya ƙafafu biyu, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, yana ratsa tsakiyar tebur, haƙoransa na gangarowa ƙasa. Bari mu kira shi zarton ɗamara. Wani Bature ɗan Ingila, William Newberry, ya yi rajistar dabarar tun farkon ƙarni na 19, amma ta daɗe ba ta yi amfani ba saboda mahaɗin zarton yana yawan tsinkewa. Sai a 1846 wata Bafaranshiya, Anne Paulin Crépin, ta fito da hanyar haɗa bakin da zai jure lanƙwasa, daga nan na'urar ta bazu a duniya.

Abin da ya sa kafintoci ke son sa a fili yake. Bakinsa siriri ne, don haka katakon da yake mayarwa gari kaɗan ne idan aka kwatanta da zarto mai faifai ko mai sarƙa. Yana yanka lanƙwasa, irin ta ƙafar kujera da kan gado. Yana tsaga katako mai kauri ya fitar da falle biyu ko uku. Kuma da yake yana danna katako ne a kan tebur, ba ya wurgo shi ga mai aiki yadda mai faifai yake yi. A ƙasar da katako ke ƙara tsada kullum, siririn yanka riba ce.

Lissafin da ake yi kafin a taɓa aljihu

Zarton ɗamara na shagon kafinta yana son gudun da ya kai kimanin mita 900 a minti ɗaya. Wannan daidai yake da kilomita 54 a awa, wato gudun ɗan zemijan a kan titi mai kyau. Manyan injinan masana'anta sun fi haka gudu, amma su ƙafafunsu na zubin ƙarfe ne da aka daidaita da na'ura. Wanda aka ƙera a gida gara ya tsaya a nan.

Ga yadda ake lissafin. A auna faɗin ƙafar zarto, a ninka da 3.14, a sami tsawon kewayenta. Ƙafa mai faɗin santimita 40 kewayenta mita 1.26 ne. Idan aka raba 900 da 1.26 za a sami kusan 715. Ke nan ana son ƙafar ta juya sau 715 a minti.

Yanzu sai a dubi inji. A wutar Benin da Nijar da Najeriya, wadda ke kan 50 Hz, injinan da aka fi samu iri biyu ne: mai juyi kusan 1,450 a minti da mai juyi kusan 2,850. Dukkansu sun fi abin da ƙafar ke so, shi ya sa ake sa fuli biyu da bel a rage gudun. Ƙaramin fuli a kan inji, babba a kan sandar ƙafar ƙasa. Idan injin mai 1,450 ne, aka sa masa fuli mai faɗin santimita 8, aka sa wa ƙafa mai santimita 16, ƙafar za ta juya sau 725, zarto ya yi gudun mita 910 a minti. An dace.

Akwai gajeriyar hanya da mai jari zai iya rubutawa a bayan littafin bashinsa. Matuƙar injin mai 1,450 ne kuma fulinsa santimita 8 ne, to fulin ƙafa ya zama biyu bisa biyar na faɗin ƙafar. Ƙafa mai 40 tana son fuli mai 16, mai 50 tana son mai 20, mai 60 tana son mai 24. A dukkansu gudun zarto zai faɗo wajen mita 910. A tuna ana auna fuli ne a inda bel yake zama a cikin kwarinsa, ba a leɓensa na waje ba.

Me zai faru in aka yi kuskure? A ce an sayo mai 2,850 saboda ya fi araha, aka ɗora shi da fulin nan 8 da 16. Zarto zai yi gudun kusan mita 1,800 a minti, ninki biyu na abin da ake so. Haƙora za su yi zafi su dakushe da wuri, katako ya riƙa fita da baƙin tabo yana ƙauri, robar da ke kan ƙafa ta fara ɓallewa, gangar jiki ta kama rawa. In kuwa aka haɗa shi kai tsaye da ƙafa ba fuli, gudun ya haura kilomita 200 a awa. Ƙafar da aka yi da katako ko aka walda a gida ba a yi ta don wannan ba, kuma ranar da ta tarwatse ba ta tambayar wanda ke tsaye kusa. Za a iya amfani da mai 2,850, amma sai an samo fuli mai santimita 32 don ƙafa mai 40, abin da ke cin wuri yana ƙara nauyi. Rage fulin inji ƙasa da santimita 7 ko 8 kuma ba mafita ba ce, domin bel na yau da kullum zai riƙa sulɓewa yana tsagewa. Shi ya sa masu ƙwarewa ke neman mai 1,450 ko da ya ɗan fi tsada.

Abu ɗaya kuma: zarton da aka saita don katako ba ya yanka ƙarfe. Ƙarfe yana son gudun da bai kai kashi ɗaya cikin goma na wannan ba. In maƙwabci mai walda ya zo roƙon a ɗan yanka masa rodi, a ba shi haƙuri.

Doki nawa ake bukata?

Ƙarfin doki ɗaya kimanin wat 750 ne. A jikin injinan da suka fito daga Turai za a ga an rubuta kW, ko CV a na Faransa. Mai 0.75 kW doki ɗaya ne, mai 1.1 doki ɗaya da rabi, mai 1.5 doki biyu. Don yankan lanƙwasa da katako marar kauri doki ɗaya ya isa. Amma itatuwan yankin nan masu tauri ne: maɗaci, kawo, tek da aka shuka, doka. Wanda zai riƙa tsaga irinsu masu kaurin santimita 15 zuwa 20 ya nemi doki ɗaya da rabi ko biyu.

Sai dai girman inji ba ya gyara dakusasshen zarto. Sau da yawa kafinta zai ce "Alhaji, injin nan ba shi da ƙarfi, a sayo babba," alhali haƙoran ne suka mutu, ko bel ne ke sulɓewa, ko wutar ce ta yi ƙasa. Kafin a ƙara doki a duba waɗannan ukun. Babban inji a kan gangar jiki marar ƙwari ma matsala ce, don shi ba ya gajiya, ƙarfen ne zai lanƙwashe.

Abin da za a karanta a jikin inji

Kowane injin kirki yana da ɗan allon ƙarfe manne a jikinsa. Wannan allon shi ne takardar shaidarsa, kuma injin da aka kankare masa allo ko aka shafe da fenti, a bar shi a inda aka gan shi. Abubuwa shida ake dubawa.

Na farko ƙarfin wuta. Layin gida na SBEE, kamfanin lantarki na Benin, volt 220 ne, layi uku kuma 380. Na biyu 50 Hz. A cikin kayan hannu da ake saukewa a tashar jiragen ruwa ta Kwatano akan ci karo da na Amurka, masu volt 110 ko 120 da 60 Hz. Irin wannan in aka jona shi a 220 kai tsaye, hayaƙi ne zai biyo baya. Ko da mai karɓar 220 ne, in an yi shi don 60 Hz kaɗai, a nan zai rage gudu da kashi ɗaya cikin shida kuma ya fi yin zafi. Na uku yawan juyi a minti. Na huɗu amfiya, wato wutar da yake ja idan yana aiki da cikakken nauyi. Na biyar alamar S1, wadda ke nufin an yi shi don aiki ba tsayawa. Na shida alamar IP. Mai IP54 ko IP55 rufaffe ne, fankarsa na waje tana hura jikinsa, ƙura ba ta shiga cikin koyil. Buɗaɗɗen inji mai ramuka a jiki, irin na tsohon injin wanki, a shagon kafinta zai cika da garin katako, ga ƙurar hunturu a kai, ya shaƙe ya ƙone, wani lokaci ma ya kama wuta.

Maganar layi ɗaya da layi uku tana bukatar natsuwa. Injin layi uku ya fi sauƙin gini, ya fi ƙarko, kuma a kasuwar kayan hannu ya fi yawa saboda daga masana'antu yake fitowa. Amma in shagonka layi ɗaya ne, sayensa jidali ne. Masu gyara sukan haɗa masa kwandansa ya tashi a layi ɗaya idan allonsa ya nuna 220/380, sai dai ƙarfinsa yana raguwa da kusan kashi ɗaya cikin uku, kuma tashinsa yana yin rauni. Akwai na'urar da ke mayar da layi ɗaya uku, wadda a Faransanci ake ce wa variateur, tana aiki da kyau amma kuɗinta na iya kai na injin kansa. A fara sanin irin wutar da ke shago kafin a tafi kasuwa.

A wajen mai sayarwa

Zuwa da kai ya fi aike. In ba ka san harkar ba, ka tafi da mai naɗin koyil da ka yarda da shi, ka biya shi ladan yininsa. Ko a Parakou kake saye, ko a Kwatano, ko ka yi saƙo daga Ƙofar Ruwa a Kano ko kasuwar Katako ta Yamai, gwajin ɗaya ne.

A juya sandar injin da hannu. Ya kamata ta juya lami lafiya ba ƙara. In ana jin gurzawa, boris ya tafi. A girgiza ta sama da ƙasa, kada a ji wasa. A buɗe akwatin wayoyi a sansana. Ƙaurin ƙonannen koyil ba ya ɓuya ko an yi fenti. A dubi kwandansa, in ta kumbura ko tana yoyo a cire kuɗin sabuwa daga farashi. A tambaya ko an taɓa sake naɗinsa. Injin da gwani ya naɗa da wayar tagulla daidai kauri ba laifi, amma wanda aka yi wa ƙwauron waya zai riƙa zafi har ya mutu. Sannan a jona shi a nan shagon ya yi aƙalla minti goma yana juyawa, a sa awon amfiya a gani. Mai kaya zai ce "wannan ai daga Turai ya sauka jiya, ko gwaji ba ya bukata." Ka yi dariya, ka ce a dai jona. A kuma yi magana a gaban shaida kan kwana nawa za a iya dawo da shi. Araha ba ta ado.

Ɗora shi a mazauninsa

Wurin da ya fi dacewa shi ne ƙasa, ta baya ko ta gefen ƙafar ƙasa. Nauyinsa a nan yana taimaka wa na'urar ta tsaya da ƙafarta. Amma garin katako ma ƙasa yake zuba, don haka a yi masa rumfa da falle na kwano ko katako, a kuma bar tazarar tafin hannu a bayan fankarsa don ya sha iska. Wanda ya kulle inji a akwati ba ƙofar iska ya dafa shi da hannunsa.

Mazaunin kansa iri biyu ne. Na farko faranti ne na ƙarfe mai kauri da aka yi wa dogayen ramuka, ana zame injin gaba ko baya har bel ya ɗaure, sannan a ɗaure notuna huɗu. Na biyu faranti ne mai hinji a gefe ɗaya kamar ƙofa, injin na zaune a kai, nauyinsa na jan bel. Wannan ya fi sauƙin canza bel, amma in aka bar shi a kan nauyinsa kaɗai, duk lokacin da aka kunna ko zarto ya ci katako mai tauri sai injin ya riƙa tsalle, bel na saki yana kamawa. Maganinsa dogon ƙarfe mai zare da noti biyu a ɗaya gefen, a saita tsaurin bel a kulle. Hinjin ma ya zama mai ƙwari, marar wasa. Na ƙofar ɗaki ba zai ɗauka ba.

Kada a walda ƙafafun inji a jikin na'ura. Ranar da ya bukaci gyara sai an yanka, kuma zafin walda na iya lalata shi. A sa noti da wasa mai hana kwancewa, ko noti biyu a kan juna, domin girgiza tana kwance abin da hannu ya ɗaure. Roba ta tsohuwar taya tana da amfani a ƙarƙashin ƙafafun na'urar baki ɗaya, amma roba mai laushi a ƙarƙashin inji tana sa shi karkacewa idan bel ya ja.

Fuli kuma ramin tsakiyarsa ya dace da kaurin sandar inji. In bai dace ba a kai wa mai injin gurza ƙarfe ya gyara, kada a cusa gwangwani a cike gurbi, kada kuma a buga shi da guduma, don bugun yana sauka ne a kan boris. A sa ɗan ƙarfen nan da ke shiga tsagin sanda ya hana fuli zamewa, a ɗaure sukurunsa. A tura fulin kusa da jikin inji gwargwadon iko. In ya yi nisa a bakin sanda, jan bel zai riƙa cin boris na gaba.

Sai daidaita fulin biyu. A ɗora miƙaƙƙen ƙarfe ko a ja zare a fuskokinsu. In kaurin leɓensu ɗaya ne, ya kamata ya taɓa wuri huɗu, biyu a kowane fuli. In akwai rata a ɗaya, an karkace. Karkataccen bel yana zafi, yana zubar da baƙin gari, yana cinyewa ta gefe ɗaya. Tsaurinsa kuwa, in aka danna tsakiyarsa da babban yatsa ya nutsa kimanin santimita ɗaya da rabi a kowace mita ɗaya ta tazarar fulin biyu. In tazarar rabin mita ce, bai kai santimita ɗaya ba ke nan. Sakakken bel yana kuka yana sulɓewa, wanda aka ɗaure fiye da kima kuma yana kashe boris. Sabon bel yana saki bayan kwanakin farko, a sake duba shi.

Wuta, da makunnin da ke ceton hannu

Injin doki biyu a layi ɗaya yana jan kusan amfiya 10 idan yana aiki, amma a daƙiƙun tashi yana jan ninki biyar zuwa bakwai na haka. Shi ya sa mitar gida mai ƙaramin ƙarfi take faɗuwa da an kunna. Shi ya sa kuma janareta da za ta tayar da shi sai ta fi shi ƙarfi ninki biyu zuwa uku. A ja masa layinsa shi kaɗai da wayar tagulla mai kaurin 2.5, in tazarar da nisa a ƙara kauri. Siririyar waya doguwa tana rage ƙarfin wuta, inji kuma in wuta ta yi ƙasa ƙara ja yake yi, ya yi zafi. Da yamma in ka ga ƙwan fitila ya yi ja, ka ji injin na gurnani kafin ya tashi, a kashe a jira. A sa masa na'urar da ke yanke wuta idan ya ja fiye da kima, a saita ta a kan amfiyar da ke allonsa. A kuma haɗa gangar jikin da wayar ƙasa, domin tebur na ƙarfe da hannu mai gumi ba sa son waya ta fashe a ciki.

Abu mafi muhimmanci a wannan babin shi ne irin makunnin. Mu duka mun san halin wuta a ƙasashenmu: tana tafiya ba sallama, tana dawowa ba sallama. A ce ana cikin yanka aka ɗauke. Shago ya yi tsit, yaro ya sa hannu yana zaro katakon da ya maƙale ko yana share gari a bakin zarto, ba wanda ya tuna makunni na kunne. Wuta ta dawo. Makunnin bango na yau da kullum zai tayar da injin nan take. Akwai makunni mai maɓalli biyu, kore da ja, mai maganaɗisu a ciki, wanda a Faransanci ake kira contacteur. Da wuta ta tafi yake sakin kansa, kuma ba ya sake kamawa sai mutum ya danna koren da hannunsa. Kuɗinsa bai kai na jinyar yatsa ɗaya ba. A kafa shi inda hannu ko gwiwa za su kai ga jan maɓallin ba tare da an miƙa jiki ta kan zarto ba.

Gwaji daki-daki

Kada a haɗa komai a kunna gaba ɗaya. A fara da inji shi kaɗai ba bel, a ga inda yake juyawa. Dole haƙoran zarto su gangaro ƙasa zuwa tebur. In ya juya baibai, a injin layi uku musanya waya biyu kawai ake yi. A na layi ɗaya sai mai gyara ya juya wayoyin koyil ɗin tashi. Daga nan a sa bel ba zarto, a saurara. A tsayar da tsabar dala ashirin a kan gefenta a bisa tebur. In ta kasa tsayawa, akwai girgizar da za a nemo tushenta. Sau da yawa ƙafa ce ta fi nauyi ta gefe ɗaya. A cire bel, a juya ta da hannu sau da yawa, a yi alama a inda take tsayawa; in wuri ɗaya ne kullum yake komawa ƙasa, nan ne nauyin yake, a rage shi ko a ƙara a ɗaya gefen.

Bayan haka a ɗora zarto, a juya da hannu a tabbatar yana zaune a tsakiyar ƙafa. A rufe murafun ƙafafu biyu da na bel, kowa ya kauce daga gefen da zarto zai iya fita in ya tsinke, a kunna a kashe nan take, a duba. Sai an gamsu sannan a gwada da katako mai laushi irin melaina, kafin a kai ga maɗaci.

Abin da ya shafi gida

Murfin bel da na ƙafafu ba ado ba ne. Babbar riga, hannun kaftani, jelar rawani, gyale da hijabin yarinyar da ta kawo abincin rana, duk abincin bel ne. A yi wa wurin inji iyaka, a sa wa makunni kwaɗo idan maigida ba ya nan. Dokar ƙwadago ta Benin ta hana ɗaukar yaron da bai kai shekara 14 ba ko da a matsayin ɗan koyo, kuma ko wanda ya kai, a bar shi ya daɗe yana kallo kafin ya tsaya a gaban zarto. A koya masa tura ƙarshen katako da sanda, da sauko da majiɓincin zarto kusa da katakon da ake yanka, da zare wuta gaba ɗaya kafin canza zarto. Garin katako ma ba abin wasa ba ne. Tun 1995 hukumar binciken cutar daji ta duniya ta sa shi cikin abubuwan da ke haddasa cutar a hanci. A sa takunkumi, a share shago kullum.

In tsautsayi ya auku, a danne ciwon da tsumma mai tsabta, a ɗaga hannun sama. Yatsan da ya fita a naɗe shi a tsumma mai ɗan danshi, a sa a leda a ɗaure, a ɗora ledar a kan ƙanƙara ba tare da naman ya taɓa ta ba, a nufi babban asibiti ba ɓata lokaci. A Parakou akwai asibitin koyarwa na Borgou, a Djougou akwai na Ordre de Malte.

Katakon da za a saya ma yana da doka. Hanyar Parakou zuwa Djougou ta ratsa Bétérou, tsakanin gandun dajin Wari-Maro da na Ouémé Supérieur, kuma dukkansu keɓaɓɓu ne. Dokar dazuzzuka ta 1993 ta hana tsaga katako da zarto mai sarƙa. Maɗobiya, wadda ake kira kosso a kasuwa, ta shiga jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES ke sa wa ido tun taron 2016, a 2022 kuma aka ƙara maɗaci da kawo na Afirka. Mai shago ya sayi katako a wurin mai takarda, ya kuma je ofishin ma'aikatan gandun daji ya ji abin da ake bukata kafin ya kafa injin tsagawa. Baƙo a ƙasar mutane ya fi kowa bukatar takardunsa su cika.

Ga mai jari da ke shirin wannan aiki, tsarin kashe kuɗin shi ne: a auna ƙafa, a yi lissafin fuli, a san wutar shago, sannan a sayi inji. A cikin kuɗin da aka ware tun farko a sa na makunni mai maganaɗisu, da waya mai kauri, da murafu, da ladan mai gyaran wuta. In kuɗin bai kai ba, gara a jira wata ɗaya ko biyu a cika, da a fara da rabi a ce za a ƙarasa in ciniki ya buɗe. Allah ya sa albarka a sana'a, ya tsare hannuwan yaranmu.